ARON MURYA: WA KE YI WA 'YAN WASAN INDIYA WAƘA?

Wannan mako za mu jingine zancen girki da ɗinki mu ɗan taɓa na nishaɗi, gama ko zuma ce a ke sha kullum ta kan gundura. Ga tambaya biyu, uwargida ta gwada 'yan makarantar gidanta da su in an gama tuwon dare. A cikin wasan sinimar nan na Indiya da a ke kira Mother India, shekara nawa uwar ta ba ɗan da ta harbe? Waƙoƙin nan kuma da ke fita daga bakinta har su sa ku hawaye, wa ke rera su? In yarinya ta ce, "Ai ita ce mana," to ta faɗi.

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa inda ba a san wasan nan ba. Kwarori masu gidajen sinima su suka fara kawo mana wasannin Indiya bayan 1950, samari suka yi ca a kansu. Matan aure dai ba su zuwa sinima a zamanin, sai su ji labari a bakin ƙannensu, har lokacin da talabijin da bidiyo suka shigo tsakar gida. Mother India ya fito cikin watan Oktoba na 1957, wani mutum mai suna Mehboob Khan ya shirya shi. An yi shekara da shekaru ana maimaita shi a sinimomin Arewa, 'yan kallo suna bin waƙoƙin da ka, alhali kuwa ko "zo in kashe ka" ba su ji da Indiyanci.

Don waɗanda suka manta, ga labarin a taƙaice. An yi wa wata yarinya Radha aure a ƙauye. Uwar ango ta ci bashin rupi 500 wurin wani mai ba da rance da ruwa, Sukhilala, don a yi biki na kece raini. Da aka zo biya sai gardama ta tashi a kan sharaɗin da aka yi. Littafi yana hannun mai kuɗi, tsohuwa kuwa ba ta iya karatu ba, dattawan gari suka ba shi gaskiya. Aka yanke kowace kaka zai kwashi kashi uku cikin huɗu na abin da suka noma, wannan fa ruwa ne kurum, uwar kuɗi tana nan daram. Masu cin bashi don gara da kayan ɗaki, na san kun ji, ba sai na ƙara ba. Daga nan dutse ya danne hannuwan mijin, kunya ta sa ya sulale da dare ba a sake ganinsa ba. Ambaliya ta ci gona, yunwa ta shigo, mai kuɗi ya nemi Radha da lalata don ya ba ta hatsi, ta ƙi. Ita ta ja garma da kafaɗarta ta reni 'ya'ya biyu. Ƙaramin, Birju, ya tashi da ƙullin mai kuɗin nan a zuci, ya zama ɗan fashi, ya kashe shi, ya sungumi 'yarsa ran bikinta. Radha ta ce ya sauke 'yar mutane, ya ƙi, ta ɗaga bindiga ta harbe shi.

To, ga amsar tambaya ta fari. Tsohuwar nan mai furfura da tamoji, sunanta na wasa Nargis, na yanka Fatima Rashid, an haife ta ran 1 ga Yuni, 1929. Watau shekararta 28 kaɗai sa'ad da wasan ya fito, tsufan duk na shafe-shafe ne. Birju kuwa, watau Sunil Dutt, an haife shi ran 6 ga Yuni na wannan shekara. Kwana biyar ke nan uwa ta ba ɗanta.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Kun tuna inda aka cinna wa tarin harawa wuta don a fito da Birju, uwar ta kutsa ciki tana kiransa? Wutar gaske ce. Ana cikin ɗaukan hoton a wani ƙauye kusa da Surat, a jihar Gujarat, cikin watan Maris na 1957, sai iska ta juya, wuta ta yi wa Nargis zobe. Sunil Dutt ya fizgi bargo ya faɗa ciki ya fito da ita, shi kuwa ya ƙone a fuska da ƙirji. Ita ta zauna ta yi jinyarsa. A lokacin ita tauraruwa ce da duk Indiya ta sani, shi ko sabon shiga ne, bai daɗe da barin aikin rediyo ba. Wajen jinyar nan zukata suka haɗu. Aka ɓoye zancen don kada 'yan kallo su ji uwa za ta auri ɗanta kasuwar wasa ta lalace, sai ran 11 ga Maris, 1958 aka yi auren. Ɗansu na fari kun san shi sarai, shi ne Sanjay Dutt, wanda samarin Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin. Nargis ta rasu ran 3 ga Mayu, 1981 da ciwon daji, saura 'yan kwanaki a buɗe Rocky, wasan da ɗan nata ya fara fitowa babban jarumi a ciki. Ran buɗewa aka bar kujera guda ba kowa a kai, don ita.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ita na fi so ku riƙe. Nargis ba ta rera ko baiti guda a Mother India ba. Baki kawai ta ke motsawa. Mu nan mu kan ce wane ya ari bakin wane ya ci masa albasa, to a Bombay murya a ke ara, kuma sana'a ce mai zaman kanta. Sai a tara makaɗa da mawaƙiya a ɗaki a ɗauki waƙa tukuna. Ran ɗaukan hoto a sako ta da ƙarfi, 'yar wasa ta riƙa bin ta da leɓe tana rausaya. An fara wannan dabara a Kalkata a 1935. Kafin nan dole 'yar wasa ta yi waƙa da kanta, ko da muryarta kamar ta kwaɗo ce, makaɗa suna laɓe bayan itatuwa don kada su fito a hoto.

Mata biyu ne suka fi ara wa Nargis murya a wasan nan, Shamshad Begum da Lata Mangeshkar. Labarin ta biyun zan ba ku, don ita ce ta ƙi yarda a ci gaba da binne sunan masu murya.

Ita ma 'yar 1929 ce, an haife ta ran 28 ga Satumba a garin Indore. Ubanta mawaƙi ne mai ƙungiyar wasan kwaikwayo, shi ya fara koya mata tun tana 'yar ƙanƙanuwa. Ya rasu a 1942, ba ta ma cika shekara 13 ba, ya bar uwarsu da 'ya'ya biyar, ita ce babba. Ku 'yan makaranta masu shekara 13, ku dubi kanku, ku ce yau an wayi gari ku za ku ciyad da mutum shida. Haka ta shiga fitowa a ƙananan wasanni ba don tana so ba, sai don tukunya ta hau murhu. A 1945 suka koma Bombay, ta dinga bin jirgin ƙasa daga wannan ɗakin ɗaukan waƙa zuwa wancan tana neman aiki. Wani babban mai shirya wasanni ya saurare ta ya ce muryarta ta cika siranta, ba ya so. Jarumin nan Dilip Kumar kuma ya yi mata tsiya cewa harshenta bai faɗa da Urdu ba, da ya ke ita Bamaratiya ce, waƙoƙin sinima kuwa cike su ke da Urdu. Ba ta tsaya fushi ba, sai ta nemi malami ta zauna ta koya.

A 1949 aka yi wani wasa Mahal, inda wata kyakkyawa Madhubala ta fito da sunan Kamini. Lata ta rera babbar waƙar wasan, waƙa ta game ƙasa. Amma da faifan garmaho ya fito, ko kun san sunan da aka buga a kai? Kamini. Watau sunan wata mace da babu ita a duniya, sai a cikin labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu sauraro ne suka ishi gidan rediyon Indiya da wasiƙu suna tambaya wace ce mai muryar nan, har aka nemo sunan aka faɗa. Tun daga wajen wannan lokaci ta tsaya kai da fata sai an riƙa rubuta sunan mawaƙa a faifai da jikin wasa, kamar yadda a ke rubuta na 'yan wasa.

Sai kuma zancen lambar yabo. Wata mujalla, Filmfare, ta kan raba kyaututtuka kowace shekara, akwai na jarumi, da na jaruma, da na mai tsara kiɗa, amma a lokacin babu na mawaƙi. Da kiɗan wasan Chori Chori na 1956 ya ci kyauta, wanda shi ma Nargis ce a ciki, aka roƙi Lata ta zo ta rera waƙar a wurin taro. Ta ce ba ta zuwa, tun da ba a san da masu murya ba sai ran da a ke son su ƙawata biki. A 1959 aka ƙago kyautar mawaƙa, ita ta fara ci. Da ta ci sau huɗu sai ta ce a daina sa ta a gasar, a bar wa na baya.

Mafi zafi shi ne rigimar kuɗi. Kamfanin faifai ya kan ba mai wasa wani kaso daga cinikin kowane faifai, mawaƙi kuwa ladan ran da ya yi waƙa kaɗai ya ke samu, ko da za a shekara ashirin ana sayar da ita. Lata ta ce a raba kason nan da mawaƙa. Mohammed Rafi, wanda shi ne sarkin mawaƙa maza a lokacin, mutum mai sanyin hali, ya ce shi in an biya shi ladansa shi ke nan. Suka ɓata, aka yi 'yan shekaru bayan 1960 ba su yi waƙa tare ba, kafin a sulhunta su. Waɗansu suka ce ta cika son kuɗi da taurin kai. Ni dai a ganina tana da gaskiya. Ta ga abin da ya sami gidansu ran da mai murya ya kwanta dama, ta kuma ga tsofaffin mawaƙan da a ke juya faifansu a kowane shago su kuwa ba su da na cefane. Mace in ta nemi hakkinta a kan ce ta cika baki, wannan ba a Indiya kaɗai ba ne.

Ga wani abin mamaki kuma. Fuska ta kan tsufa a sauya ta, murya kuwa ta zauna. Lata ta yi wa Nargis da Madhubala waƙa, ta yi wa Nutan da ƙanwarta Tanuja. A 1995, tana da shekara 66, ta yi wa 'yar Tanuja ɗin, watau Kajol, a Dilwale Dulhania Le Jayenge, yarinya 'yar shekara 21. A 2004, tana da 75, ita ce muryar Preity Zinta a Veer-Zaara. Duk wannan ɗaukaka, shigarta ba ta wuce farin sari da kitso biyu ba, in za ta shiga ɗakin ɗaukan waƙa kuma sai ta tuɓe takalmi a ƙofa don girmama sana'arta. Ba ta yi aure ba. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma mafi girma ta ƙasar, Bharat Ratna, a 2001. Ta rasu ran 6 ga Fabrairu, 2022 tana da shekara 92, aka yi kwana biyu ana makoki a ƙasar duka.

Kada ku ce wannan zancen mutanen nesa ne. Da 'yan Kano suka fara nasu wasannin bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba suka ɗauko rawa da waƙa irin ta Indiya, suka ɗauko har da aron muryar. Jarumar da ku ke yanke hotonta kuna liƙawa a bangon littafi, sau da yawa ba ita ke waƙar ba. Akwai irin su Rabi Mustapha, da Maryam A. Baba, da Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi, da waɗansu da dama, su ne a bayan labule. Yarinya ta kan haddace waƙa tun daga fari har ƙarshe, ta san sunan jaruma da irin atamfar da ta ɗaura, amma a tambaye ta mai muryar sai ta yi zuru. Sunan kuwa ya kan fito cikin rubutun nan da ke wucewa a farkon wasa ko ƙarshensa, lokacin da kowa ya ke tashi ɗebo ruwa. Ku da Allah ya ba ku karatu, ku daure ku zauna ku karanta wa sauran.

In kuma kun sake samun Mother India, ku kasa kunne wajen waƙar nan ta gona, inda Radha ke jan garma yaran suna taya ta. Murya uku za ku ji. Ta uwar Lata ce, sauran biyun kuwa ƙannenta ne, Meena da Usha, cikin waɗanda ta fara ciyarwa tun tana 'yar shekara 13.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.