In Za Mu Ƙetare Iyaka Da Ɗan Riƙo

A ƙasarmu ta arewacin Kano, wajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi, gona tana jingine da gona, gida kuma yana hangen gida. Babu yaron da zai shiga wani gida da dare gari ya waye maƙwabta ba su sani ba. Saboda haka riƙo bai taɓa bukatar takarda a wurinmu ba. Sa'ad da aka yaye yaro, kaka ko gwaggo takan ɗauke shi. Matar da ba ta haihu ba, ɗan'uwanta yakan ba ta 'ya. In uwa ta rasu, dangi su zauna su ce wane ne zai riƙe maraya. Mai unguwa ya sani, dattawa sun shaida, magana ta ƙare.

Amma in kaka ta wuce, an sa gero da dawa a rumbu, sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Da yawa daga cikinmu muna da abokai da dangi a Magarya da Matamai da Damagaram da Maraɗi. Zumunci kuwa a ƙafa yake. To, iyalin da suka sami sabon ɗan riƙo sukan so su tafi da shi a gan shi. Wannan abu ne mai kyau, sai dai akwai abu uku da ya kamata mu shirya tun kafin mu hau mota.

Na Fari: Bakin Iyaka

Ko mun bi ta Kazaure da Daura zuwa Kwangwalam, ko ta Ɓaɓura zuwa Babban Mutum, ko ta Katsina da Jibiya, za mu tarar da ma'aikatan da ba su san mai unguwarmu ba. Harshenmu ɗaya da mutanen tsallake, amma hukuma biyu ce. In suka tambaya, "Wannan yaron na wane ne?" kada mu ji haushi. Suna da dalili. A shekarar 2014 hukumar Nijar ta kama mutane a kan zargin shigo da jarirai kimanin 30 daga Nijeriya ta hanyar Benin. A 2019 kuma 'yan sanda suka gano yaran da aka sace daga Kano a can Onitsha. Tun 2003 Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP domin yaƙi da fataucin mutane. Ma'aikacin da ya tsare mu da tambaya, 'ya'yanmu yake tsarewa.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutanen ƙasashen ƙungiyar izinin ziyartar juna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin suna da takardar tafiya da ta rigakafi. Amma Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025, kuma an taɓa rufe iyakar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Saboda haka kada mu dogara ga yadda muka wuce shekarun baya. Mu je ofishin shige da fice mu tambayi abin da ake nema yanzu.

Ga abin da ya kamata ya kasance a jakarmu: takardar haihuwar yaron daga Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, takardar tafiyarsa, katin rigakafinsa har da na shawara, da rubutacciyar yardar iyayensa ko danginsa, wadda aka yi rantsuwa a kanta a kotu. In daga gidan marayu aka ba mu shi, mu riƙe takardar kotu da ta ma'aikatan jin daɗin jama'a, mu kuma nemi izininsu kafin mu fita da shi ƙasar. Abu ɗaya kada mu kuskura: kada mu ce mu muka haife shi domin a bar mu mu wuce da sauri. In ma'aikaci ya ja yaron gefe ya tambaye shi sunan babansa, gaskiya zai faɗa, ziyara kuwa ta koma shari'a.

Na Biyu: Zuciyar Yaron

Wannan shi ne abin da muka fi mantawa. Mu tuna yadda yaron ya zo gidanmu. An yi masa wanka, an sa masa sabuwar riga, an ƙulle kayansa, an hau mota da shi, an gaisa da mutanen da bai sani ba, sa'an nan waɗanda suka kawo shi suka tafi suka bar shi. Yanzu ga mu muna yi masa wanka, muna ƙulle kaya, muna shirin hawa mota. Me muke tsammani zai zo masa a rai? A wurinmu ziyara ce. A wurinsa kuwa, ana shirin sāke ba da shi ne.

Shi ya sa yaro yakan ƙi cin abinci a gidan baƙi, ko ya riƙe zanen uwar riƙonsa ko bayan gida za ta, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Ba rashin kunya ba ne, tsoro ne. Bulala ba ta maganinsa.

In da hali, mu bar shi ya yi 'yan watanni a gida tukuna, ya san ɗakinsa da akwai wurin kwanansa. Kafin tafiya mu gaya masa a fili: "Kwana biyar za mu yi, tare za mu tafi, tare za mu komo." Mu bar wani abu nasa a gida da saninsa, ko 'yar akuyar da aka ce tasa ce, a ce wa maƙwabci ya lura masa da ita har ya dawo. A can kuma ya kwana kusa da mu, kada a tura shi ɗakin yaran gida a daren fari. Kada kuma mu sulale zuwa kasuwa yana barci. In za mu fita, mu faɗa masa, mu dawo lokacin da muka ce.

Na Uku: Bakin Abokanmu

Abokanmu ba za su yi da mugun nufi ba, amma tambaya za ta fito: "Wannan ne marayan?" "Ina uwarsa take?" Yaro ɗan shekara huɗu yana jin duk wannan, yana kuwa ajiyewa. Tun da yanzu akwai waya, mu gaya musu labarinsa kafin mu iso, mu roƙe su kada a tayar da zancen a gabansa. In mun sauka mu ce, "Ga ɗanmu," mu nuna masa, "Ga kawunka, ga gwaggonka." Har wasan nan da manya suka saba yi, "Ku bar mana shi mana," mu roƙa a bar shi. Sauran yara sun san wasa ne. Shi an taɓa yi masa da gaske.

In ana rabon tsaraba ko nama, a ba shi daidai da sauran 'ya'yanmu. In ana aike, kada ya zama shi kaɗai ne mai ɗaukar tulu. Yadda muka riƙe shi a gaban mutane, haka mutane za su riƙe shi.

Ya ku iyaye, kada wahalar takardu ta hana mu zumunci. Mu fara nemansu tun da damina, domin a yi tafiyar bayan girbi, kafin zafin bazara da lokacin sanƙarau. Ribarta tana da yawa. Yaron da ya tafi da mu, ya kwana a baƙon gari, ya kuma komo ya tarar da tabarmarsa inda ya bar ta, ya koyi abin da bakinmu ba zai iya koya masa ba: wannan gida nasa ne, kuma ba a yar da shi a hanya.