Gandun dajin W: abin da ke cikinsa da abin da ya tsare shi

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san harafin W. Da shi muke rubuta wake da wuta da wata. To, a kudu maso yammacin ƙasarmu akwai wurin da kogin Isa ya karkace har sau uku. Wanda ya dubi taswira zai ga ruwan ya zana wannan harafi sak. Daga nan dajin da ke bakin kogin ya samo sunansa, ana ce masa gandun dajin W.

Dajin yana cikin jihar Tilaberi, kamar kilomita 150 kudu da Yamai. Mai zuwa ya kan bi ta Say da Tamu, ya shiga ta ƙofar Tapowa. Rabon Nijar ya kai hekta dubu 220. Manomi ya san hekta guda, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, sai ya auna da kansa. Ruwa ne ya yi wa dajin shinge ta fuska uku: gulbin Tapowa a arewa, kogin Isa a gabas, gulbin Mekuru a kudu, kan iyakarmu da Benin. Amma dajin bai tsaya ga iyaka ba. Ya zarce cikin Benin da Burkina Faso, dabbobi kuwa suna ƙetarawa ba su neman takardar kowa.

An mai da shi gandun gwamnati a 1954, tun zamanin mulkin Faransa. A 1987 aka sa shi cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kiyaye fadamu da tafkuna da bakin koguna. A 1996 hukumar UNESCO ta lissafa shi cikin kayan gadon duniya.

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu faɗi gaskiya. Tun wajen 2020 ƴan bindiga suka sami mafaka a yankin, baƙi suka daina zuwa. Saboda haka ziyarar da za mu bayyana a nan, yadda ake yin ta ne lokacin zaman lafiya. Kada kowa ya kama hanyar dajin sai ya tambayi hukuma.

A wancan lokaci ana buɗe dajin daga Disamba zuwa Mayu. Da damana hanyoyi su kan lalace, ciyawa kuma ta rufe komi. An fi ganin dabbobi da bazara, sa'ad da ƙananan tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta koro kowa zuwa bakin gulbi. Ana fita da asuba cikin mota, tare da ɗan jagora wanda ya san sawun kowace dabba. A bakin waɗansu tafkuna an gina dakali mai tsawo. Mutum ya hau, ya zauna shiru, ya jira. Sai ka ga gadu ya zo da ƴaƴansa, wutsiya a tsaye. Sai gwanki da kanki da mariya. Garken ɓauna ya kan iso cikin ƙura. In an yi sa'a giwaye su sauko, su sha, su watsa wa kansu taɓo. Zaki yana da wuyar gani, an fi jin rurinsa da dare. Mu sani, mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta yamma suna cikin wannan daji ne da maƙwabtansa biyu, Arli na Burkina da Panjari na Benin.

Kada a nemi raƙumin dawa a can, babu shi. Nasa wurin Kure ne, gabas da Yamai. Mutanen Maraɗi ma sun samu nasu, don a 2018 an kai takwas gandun Gadabeji.

A ganinmu abin da ya fi daɗi shi ne yawon jirgin ruwa. Ana shiga daga ƙauyukan masunta irin su Bumba, daura da inda Mekuru ke zubawa cikin Isa. Da sanyin safiya ruwa ya kan kwanta lum. Ga kada yana shan hantsi bisa rairayi, ga dorina ta fito da kunne da hanci kaɗai. Matuƙin jirgi ba ya kusantar ta, musamman mai ɗa, don tana iya kife jirgi nan take. Akwai ayu ma, wanda yawancinmu a labari kawai muka san shi. Ciyawa yake ci, kuma doka ta hana kashe shi. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350. Akwai dinya da kirinjijiya da zalɓe da gauraka da burtu. Waɗansu baƙi ne daga Turai, suna gudun sanyin ƙasarsu, su ci rani wurinmu su koma.

Abin da ke riƙe da waɗannan halittu duka shi ne cikar kogi. Isa yana cika sau biyu a nan. Ta farko da damana ce, jan ruwan da gulabenmu suka kwaso. Ta biyu tana isowa cikin dari, wajen Janairu, ruwan sama ne da ya sauka ƙasar Gini ya yi watanni bisa hanya. In ruwa ya malala cikin fadama sai burgu ya tashi. Cikin burgun nan kifi ke ƙwai, nan ƴaƴan karfasa da tarwaɗa ke ɓuya har su yi ƙarfi. Masuncin da ya cika komarsa can nesa da dajin, da yawa daga kifinsa a irin wannan fadama aka ƙyanƙyashe su.

Yanzu ga tambaya. Yankin yana samun ruwan sama tsakanin milimita 600 da 800 a shekara, ya fi na Tawa da Damagaram nesa ba kusa ba. Ga kuka, ga tsamiya, ga kanya, ga ƙasa mai kyau. Yaya aka yi gatari da hauya ba su cinye shi ba tun da daɗewa?

Babban dalili shi ne ƙudaje biyu. Na farko tsando, mai sa wa shanu sammore, mutum kuma ciwon barci. Na biyu wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke ƙwai cikin ruwa mai gudu bisa duwatsu, irin na Tapowa da Mekuru. In ya ciji mutum sai ya zuba masa tsutsa wadda ido ba ya gani. Jiki ya yi ta ƙaiƙayi, fata ta lalace, ƙulluttai su fito. Bayan shekaru tsutsar ta kai ga ido, mutum ya makance. Ita ce makantar kogi. Saboda ita mutane suka guji bakin ruwa mafi albarka. Ƴan ƙauyukan da suka jure kuma, Turawan mulki suka tashe su da ƙarfi don a kafa gandu. Wannan ma yana cikin tarihin wurin, bai kamata a ɓoye shi ba.

Daga 1976 zuwa 1989 aka yi ta fesa magani cikin gulaben don kashe ƙwan ƙudan. Daga baya aka raba ƙwayoyin Mectizan ƙauye ƙauye. Ran 30 ga Janairu 2025 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa makantar kogi ta ƙare a Nijar. Mu ne ƙasar farko a Afirka da ta kai ga haka. Alhamdu lillahi. Sai dai ba duka cututtukan ruwa suka tafi ba. Tsargiya tana nan cikin ruwa mai kwanciya. Yaron da aka ga jini cikin fitsarinsa a kai shi likita, maganin ƙwaya ne. Mai kwana bakin kogi kuma ya ɗaura sange.

Da ƙuda ya ragu, kuma fari ya matsa wa arewa, sai jama'a suka kwararo kudu. A 1976 gwamnati ta yanke wajen rabin gandun Tamu, wanda ke kare W ta arewa, ta ba da shi don noma. Gonaki suka matso. Makiyayi ya tarar an nome makiyayarsa da burtalinsa, ga ciyawa shar a ƙetaren gulbi, sai ya kora shanu cikin gandu da dare. Ba mu ce ya yi daidai ba, amma mun san abin da ya tura shi. In zaki ya kashe masa saniya, wani ya kan zuba guba cikin mushen. Gubar nan ba ta zaɓe: ta kashe zaki, ta kashe kura, ta kashe ungulu da dama a wuni guda.

Dokar gandu ta hana farauta da kiwo da sarar itace da sa wuta. Masu tsaron ta su ne ma'aikatan gandun daji, kuma rashin tsaro ya hana su kewaya dajin yadda suka saba. Ƴan jagora da matuƙan jirgi na Tapowa da Bumba, waɗanda da baƙi suke ciyar da iyalinsu, sun rasa wannan sana'a, sai abin da gona da koma suka ba su.