Gano nakasar ɗan tayi ta hoton ciki

Hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, hanya ce ta duba ɗan tayi a cikin mahaifa ta amfani da sautin da kunnen mutum ba ya ji. Na'urar tana aika sautin cikin jiki, idan ya dawo sai ta mayar da shi hoto a allo. Kalmar sikanin aro ce daga Turanci, kuma ita ce ke bakin mata a asibitocin Arewa. Yawanci ana neman sa ne don sanin watannin ciki ko jinsin jariri, amma babban amfaninsa shi ne gano nakasar halitta tun kafin haihuwa.

Tarihi

Likita Ian Donald ne ya wallafa aikin farko a kan wannan fasaha a Glasgow a 1958. A 1972 Stuart Campbell ya gano ɗan tayi marar ƙoƙon kai da ita, cikin yana mako 17. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu hoto sau ɗaya kafin mako 24.

Abin da ake iya gani

Hoton farko mai muhimmanci ana yin sa tsakanin mako 11 da 14. A lokacin ana ganin rashin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira anensefali, da fitowar hanji ko hanta ta cibiya, da kumburin mafitsara, da tagwaye masu manne da juna. Ana kuma auna ruwan da ke bayan wuyan ɗan tayi. Idan ya yi kauri yana iya nuna matsalar ƙwayoyin gado ko ta zuciya, amma alama ce kawai, sai an ƙara bincike.

Lokaci na da tasiri sosai. Kafin mako 12 hanjin kowane ɗan tayi kan leƙo cikin igiyar cibiya sannan ya koma, don haka wanda bai ƙware ba zai iya tayar da hankalin iyaye a banza. Tsagewar ƙashin baya da yawancin ciwukan zuciya kuwa sun fi bayyana a hoto na biyu, tsakanin mako 18 da 22.

A Birnin Gwari

Babban asibitin Birnin Gwari shi ne madogarar garuruwa irin su Kuyello, Randagi da Dogon Dawa. Idan aka ga abin da ya fi ƙarfinsa, ana tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tafiyar Kaduna ta haura kilomita 100, ta hanyar da ke ratsa daji, wadda 'yan bindiga suka addaba shekaru da dama kafin sulhun da gwamnatin jihar ta sanar a ƙarshen 2024. Ga kuma al'adar ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, saboda kunya. Mace da yawa ba ta fara awo sai cikin ya fito, lokacin hoton farko ya riga ya wuce.

Bayan an gano

Dokar Arewacin Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, shi ya sa wasu ke ganin sanin ba shi da amfani. Wannan kuskure ne. Jaririn da hanjinsa ke waje yana buƙatar tiyata da zarar an haife shi, kuma haihuwarsa a Shika ta fi a ɗauko shi daga ƙauye a mota. Tagwaye masu manne kan sa naƙuda ta gagara, abin da ke iya kashe uwar idan ba a shirya fiɗa ba.

Rigakafi

Lakar ɗan tayi tana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana ɗauke da shi. Saboda haka ake so ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ta ɗauki ciki. Wadda ta taɓa haifar jariri mai irin wannan nakasa likita kan rubuta mata adadi mafi yawa.