Saba a Aljihu: Jan Kunne ga Masu Gina Shafi a Kan Filashi

A Mayo Gwoi, kamar sauran unguwannin Jalingo, ba kowane ɗalibin kwamfuta ne ke da laftof tasa ba. Za ka ga yaro na Jami'ar Jihar Taraba an ba shi aikin kammala karatu, ya gina shafin intanet mai rumbun bayanai, amma yau yana kan kwamfutar abokinsa, gobe a shagon buga takardu, jibi a makaranta. Irinsu filashi ya yi wa rana.

Manhajar XAMPP, wadda Apache Friends ke rabawa kyauta tun 2002, tana da nau'in da ba sai an girka ba. Ka kwafe foldarta a filashi, ka soka a kwamfuta mai Windows, ka tayar da Apache da rumbun bayanai, ka buɗe birawuza ka rubuta localhost, sai ga shafinka. Ba data, ba kuɗin hayar saba. Sunan localhost, ko lambarsa 127.0.0.1, yana nufin kwamfutar da kake zaune gabanta. Manhajar USBWebserver ma kamar XAMPP take aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mun saba ɗaukar filashi a matsayin jaka: a zuba, a zare, a tafi. To, da zarar ka tayar da saba a kansa, ya zama inji mai aiki. Rumbun bayanan, wanda tun 2015 MariaDB ne ko da yake maɓallinsa na nan da sunan MySQL, yana riƙe da fayilolinsa a buɗe, yana rubutu ko ba ka taɓa komai ba. Ka fizge filashin a wannan hali, ko a ɗauke wuta a kwamfutar tebur marar batirin ko-ta-kwana, rubutun ya yanke a tsakiya. Washegari ka danna maɓalli, jan rubutu ya fito, rumbu ya ƙi tashi, aikin wata uku yana ciki. Kuma kowa ya san halin wutarmu, ba ta sallama. Don haka ka tsayar da MySQL, ka tsayar da Apache, ka rufe manhajar, ka umarci Windows ta saki filashin, sannan ka zare. Minti ɗaya ne. Duk ranar da ka yi aiki kuma, ka shiga phpMyAdmin ka fitar da kwafin rumbun, ka haɗa da foldar htdocs, ka tura wayarka ko imel ɗinka.

Sai ƙwayar cutar shagunan kwamfuta, wadda ke ɓoye foldoji ta maye gurbinsu da gumakan bogi. Kada ka danna su, dannawar ce ke yaɗa ta. Kada kuma ka yarda mai shago ya ce a goge filashin gaba ɗaya. Galibi fayilolinka na nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma umarnin attrib yana fito da su bayan an kashe cutar. Wanda ke raina cutar filashi ya tuna ƙwayar cutar Stuxnet, da aka gano a 2010: ta filashi take yaɗuwa, kuma ita ta lalata injinan nukiliyar Iran a Natanz.

Filashin jabu ma ya cika kasuwa. A jiki an rubuta giga 64, cikinsa bai kai rabin haka ba, sai ya riƙa cinye fayiloli shiru. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Ka gwada tun ranar saye.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika faɗa ba. XAMPP tana zuwa ne da babban asusun rumbu, root, ba kalmar sirri, kuma masu ita sun ce don gwaji aka yi ta. Amma sai ɗalibi ya je makaranta ko asibiti ya kwaso sunayen mutane na gaske, da lambobin wayarsu, har da cutar da ke damunsu, ya zuba a filashin da zai iya mantawa a keke Napep. Duk wanda ya tsinta ya mallaki komai. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma ko ba doka, amana ce. Sunayen ƙirƙira sun isa nuna wa malami cewa manhaja na aiki.

Ranar kare aiki kuwa, ka riga kowa zuwa ka gwada a kwamfutar da za a yi amfani da ita. Idan harafin filashin ya sauya, ka kunna setup_xampp.bat. Idan Apache ya ƙi tashi, galibi wata manhaja ce ta tare ƙofa ta 80. Mayar da shi 8080, ka rubuta localhost:8080.