Daga Kwalejin Daura Zuwa Jami'a: Doguwar Hanyar Mai Son Adabin Turanci

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, gidaje da dama a Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure sukan yi tsit. Yaro ya zana JAMB, ko dai makinsa bai kai ba, ko ya kai amma gurbi ya cike. Sai iyaye su ce masa, "Je ka yi NCE kafin Allah Ya kawo." Yadda ake faɗar maganar ma kamar jaje ake yi masa. Ni kuwa ina ganin ga mai son karanta adabin Turanci wannan hanya ce sahihiya, in dai an shiga da shiri tun ranar farko. Rashin shirin ne yake cutar da yaranmu.

Ga yadda tsarin yake. Ɗalibi zai shiga kwalejin ilimi ya yi shekara 3 ya karɓi takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. A nan gida akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura, mallakar gwamnatin jiha; akwai ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da ta tarayya a Katsina. A kwalejojin ilimi akan haɗa Turanci da wani darasi, kamar Hausa ko ilimin addinin Musulunci, wasu kuma su ɗauki Turancin zalla. Idan ya gama da sakamako mai kyau sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, wanda ɗalibai ke kira DE, a ɗauke shi a aji biyu na jami'a ba tare da ya sake zana jarrabawar shiga ba. Daga nan ƙofar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta tarayya ta Dutsin-Ma, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya, a buɗe take.

Wanda yake raina makarantar horar da malamai ya waiwayi tarihi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don samar da malamai aka kafa ta, kuma ita ta yaye Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukkansu suna koyarwa ne lokacin da suka shiga gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Malaman aji ne suka aza harsashin ƙagaggun labaranmu.

Amfanin farko a fili yake: kuɗi. Yaron da ke karatu a Daura a gidansu yake kwana, tuwon gidansu yake ci, ranar da babu darasi ya leƙa gona ko shago. Yarinyar da mahaifinta ba zai lamunci ta tafi Zariya tana da shekara 17 ba, zai bar ta ta je kwalejin da ke cikin gari. Amfani na biyu ya fi wannan nauyi a wajena. Ɗalibin NCE dole ya fita koyarwar gwaji. Ranar da ya tsaya gaban allo a wata firamare ta ƙauye, alli a hannu, yara sun cika aji har bakin taga, yana neman hanyar da zai sa su gane jimla ɗaya ta Turanci, ranar yake sanin iyakar Turancinsa. Wanda ya sha wannan gwagwarmaya idan ya isa jami'a ba ya jin tsoron tashi ya yi bayani a gaban jama'a.

Sai dai akwai ramuka a hanyar. Na farko shi ne kiredit a darasin adabin Turanci na WAEC ko NECO. Sashen Turanci na jami'a yana neman sa, sashen shari'a ma haka, alhali makarantun sakandarenmu da yawa ba su da malamin darasin. Sai yaro ya gama shekara 3 cur a kwaleji, ya je sayen fom, a ce masa babu. Wanda ya san ba shi da shi ya zana jarrabawar tun yana shekarar farko. Na biyu, ya tabbatar cewa shigarsa kwalejin ta bi ta hannun JAMB, domin wanda aka ɗauka ta bayan fage yakan sha wuya wajen DE. Na uku kuma maki: jami'a ba ta ɗaukar wanda ya tsallake da ƙyar, kuma guraben DE kaɗan ne.

Ramin da ya fi damuna babu takardar da ke cike shi. Adabi karatu ne, littafi daga bango zuwa bango. Abin da aka fi gani a hannun ɗalibanmu shi ne handawut: 'yan shafuka da aka buga a shagon fotokwafi, an jero sunayen taurarin labari da jigo da salo, a haddace a zuba a jarrabawa. Na ga ɗalibin da zai lissafa maka jigogin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, amma bai taɓa riƙe littafin ba. Irin wannan zai iya cin NCE, amma a jami'a asirinsa ke tonuwa, ranar da malami ya ce ya kare ra'ayinsa da hujja daga cikin littafi. Abin takaicin kuma, littattafan da za su ja hankalin ɗan Daura suna nan. The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, rayuwar 'yar ƙauyen Arewa ce. Burning Grass na Cyprian Ekwensi a kan Fulani makiyaya yake. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Yaron da ya tashi yana jin labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu ya riga ya san yadda labari ke kama zuciya; abin da ya rage masa shi ne harshen da kayan nazarin, kuma adabin baka darasi ne da sassan Turanci na jami'o'inmu ke koyarwa.

Akwai kuma zaluncin lissafi. Wanda ya shiga jami'a daga sakandare shekara 4 zai yi. Mai NCE zai yi 3 a kwaleji, 3 a jami'a, shida ke nan, ban da zaman jira da yajin aiki. Wasu kafin su gama sun haura shekara 30, an cire su daga bautar ƙasa. A Amurka, inda kwalejojin al'umma suke da yawa, shekara 2 ake yi a kwaleji a ƙarasa 2 a jami'a, saboda akwai yarjejeniya a rubuce da ke nuna wane darasi na kwaleji ne jami'a za ta karɓa a madadin nata. Mu a nan ɗalibi yakan maimaita abin da ya riga ya ci. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE, to amma kwalejin Daura ta jiha ce.

Wannan gyara a hannun gwamnatin Katsina yake, tunda kwalejin Daura da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa duk nata ne. A zaunar da malaman Turanci na ɓangarorin biyu su daidaita manhaja, a ware wa masu NCE gurabe sanannu duk shekara, a zuba littattafan adabi a ɗakin karatun kwalejin yadda kowane ɗalibi zai samu na aro. Attajiran masarautar nan da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma za su iya ɗaukar nauyin littattafan, domin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Kai kuma ɗalibi, kada ka jira a yi wannan zama. Tun a zangon farko ka duba takardarka ko akwai kiredit ɗin adabi, ka je ofishin rajista ka tabbatar sunanka yana wurin JAMB, sannan ka nemi littafi guda ka karanta shi har ƙarshe kafin wata ya mutu.