Dogo Ɗaya, Jirage Da Yawa: Wa Zai Jira Wani?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a 'yan shekarun nan ya ga aikin da idonsa: an yanka tudu, an cike kwari, manyan motoci na ta jigilar tsakuwa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ke nan, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa a Janairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da shi a Fabrairun shekarar. Tsawonsa kilomita 284 ne. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Ga mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, wannan ne karo na farko da tashar jirgin ƙasa za ta zo musu kusa da gida, domin tsohon layin Turawa na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya bi, bai leƙo wannan sashe ba.

Hirar da ake yi a majalisu ta diyyar gonaki ce, da inda tasha za ta zauna, da ko za a ɗauki yaran gari aiki. Duk suna kan hanya. Amma akwai wata tambaya da ba a cika tayar da ita ba, alhali ita ce ke haddasa rigima a duk ƙasar da jirgin ƙasa ya daɗe: idan an gama shimfiɗa ƙarfen, wa ke da ikon ɗora jirginsa a kai, da ƙarfe nawa, kuma wa zai tsaya ya jira wani?

Jirgi ba ya kauce wa ɗan'uwansa

A kan kwalta, direban tirela na iya matsawa gefe ƙaramar mota ta wuce. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Inda ƙarfe ya nufa, nan ya nufa, kuma idan ya ɗauko kaya masu nauyi yana gudu, sai ya ci fiye da kilomita guda bayan an taka birki kafin ya tsaya. Shi ya sa ake yanka layi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa jirgi ɗaya tak ke shiga a lokaci guda. A layi mai hanya ɗaya, wanda mai zuwa da mai komawa ke rabawa, jirage biyu ba sa giftawa sai a wurin da aka yi ɗan gajeren layi a gefe, galibi a tasha, inda ɗaya zai ratse ya tsaya har ɗayan ya wuce.

A tsarin da Turawan Ingila suka yaɗa, abin a bayyane yake ƙarara. Kowace gunduwa tana da sandar ƙarfe ko makulli mai ɗauke da sunan tashoshi biyun da ke bakinta. Mai kula da tasha zai zaro shi daga na'ura, ya sa a 'yar jakar fata mai babban zobe, ya tsaya a bakin layi ya ɗaga hannu, mutumin cikin inji kuma ya zura hannunsa ya sure shi. Muddin makullin nan yana waje, na'urar ba za ta ba da wani ba, don haka babu jirgin da zai shiga daga ɗaya ɓangaren. Yau kwamfuta da sigina ne ke wannan aiki, amma ƙa'idar tana nan yadda take.

To, a nan kuɗi ke shigowa. Mu ɗauka tsakanin wuraren giftawa biyu akwai kilomita 30. Jirgin da ke tafiyar kilomita 90 a awa zai riƙe wurin na minti 20. Wanda ke jan jiki da kilomita 30 a awa zai rufe shi awa guda cur. Abin da mai layi ke sayarwa ke nan: lokaci a kan ƙarfe. Jirgin fasinja yana son safiya da yamma, yana son a cika masa alƙawarin agogo. Jirgin kaya dogo ne, mai nauyi, sau da yawa ma ya fi layin gefen tsawo, don haka ba zai iya ratsewa ba ko da ya so, sai dai ƙaramin ya ratse masa. Kuma a yawancin ƙasashe shi ne ke kawo riba.

Akwai jirgi na uku, wanda ya fi kowa rauni, kuma labarinsa ne ya fi nuna yadda rabon yake.

Tsohon jirgi da ke son fita yawo

A Turai, Amurka, Indiya da Afirka ta Kudu akwai gidajen tarihi da ƙungiyoyin sa-kai da ke adana tsofaffin jiragen kwal, irin masu tuƙa hayaƙi da huci. Ba ajiye su kawai suke yi a rumfa ba. Suna gyara su, su hura wuta, su ɗauki 'yan yawon buɗe ido da 'yan makaranta, da kuɗin tikitin ne kuma suke riƙe gidan. Matsalar ita ce da yawansu ba su da layin kansu mai tsawo. Dole su roƙi mai layi, wanda a Amurka kusan kullum kamfanin jigilar kaya ne.

Dubi labarin inji mai lamba 611, wanda aka ƙera a 1950 a garin Roanoke na jihar Bajiniya. Kamfanin kaya na Norfolk Southern ya riƙa fitar da shi yawo tun farkon shekarun 1980. A Mayun 1986 taragun da yake ja suka sauka daga layi, mutane fiye da ɗari suka ji rauni, aka taƙaita gudun irin waɗannan jirage zuwa kimanin kilomita 64 a awa. A 1994 kamfanin ya rufe shirin gaba ɗaya, injin ya koma gidan tarihin sufuri na jihar. Masoyansa suka tara kuɗi suka sake tayar da shi a 2015, ya yi 'yan shekaru yana fita. A 2018 kuma Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na gwamnati, wanda irin waɗannan tafiye-tafiye kan fake a ƙarƙashin inuwarsa, ya ce ya daina yawancin jiragen haya na musamman. Inji lafiyarsa ƙalau, masu son hawa sun yi layi, amma babu babbar hanyar da zai bi. Sai ƙananan layuka ya koma nema.

Kada a yi saurin zagin kamfanin kaya, yana da hujjojinsa. Na farko inshora. Kwantena ba ta kai ƙara kotu, fasinja kuwa yana kaiwa. Dokar Amurka ta 1997 ta sa iyakar diyyar haɗarin jirgin fasinja guda a dala miliyan 200, aka ɗaga zuwa miliyan 295 a 2015, kuma mai layi yakan ce wa baƙo ya kawo inshorar da za ta rufe masa asiri idan tsautsayi ya faɗa. Gidan tarihin da 'yan fansho ke gudanarwa ina zai samo wannan? Na biyu kayan tsaro: an wajabta wa manyan layukan ƙasar na'urar da ke tsayar da jirgi da kanta idan direba ya yi sakaci, kuma ɗora ta a kan injin da ya haura shekara 70 aiki ne mai tsada. Na uku jinkiri: tsohon inji sai ya tsaya shan ruwa, idan kuma ya lalace a tsakiyar hanya, duk abin da ke bayansa ya tsaya. Sai kuma 'yan kallo. A Fabrairun 2016, da shahararren injin nan Flying Scotsman na gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya fito bayan gyaran shekara 10, mutane suka tsallaka shinge suka hau layi da kyamarori, dole aka tsayar da jirage a babbar hanyar Landan zuwa arewa.

Abin da gidajen tarihin ke cewa shi ma ba shirme ba ne. Da yawa daga cikin layukan nan da filin gwamnati da tallafin jama'a aka gina su, jirgin tarihi kuma yana kai baƙi ƙananan garuruwan da jirgin kaya ke wucewa ba ko sallama. Sannan sukan yi zargin cewa ana tsawwala sharuɗɗa ne da gangan don a kore su ba tare da an furta “a'a” ba.

Bambancin da alƙali ke kawowa

A Birtaniya an ɓullo wa abin ta wata hanya. Tun dokar 1993 aka raba mai layi da masu jirage. Yau Network Rail ke riƙe da ƙarfen, akwai kuma hukuma ta daban da ke amincewa da yarjejeniyar hawa layi, wadda za ta iya tilasta wa mai layi ya ba da hanya idan akwai sarari. Da haka ne ƙungiyar da ke gudanar da jiragen kwal a tsaunukan arewacin Yorkshire ta samu, tun 2007, tana shigar da jiragenta har garin Whitby na bakin teku a kan layin ƙasa. Sai dai izinin yana tafe da sanda. A ranar 7 ga Maris 2015 wani jirgin kwal na kamfanin West Coast Railways ya wuce jar danja a mahaɗar Wootton Bassett, jim kaɗan bayan wani jirgin fasinja mai gudu ya gifta. Allah ya kiyaye, ba a yi karo ba. Aka dakatar da kamfanin daga layin ƙasar na wasu makonni, daga baya kotu ta ci shi tarar fam 200,000.

A ganina tsarin Birtaniya ya fi adalci: ƙa'ida a rubuce, farashi a bayyane, da wurin kai kuka. A Amurka ma doka ta ba jirgin fasinja na Amtrak fifiko a kan na kaya tun 1973, amma tunda masu ba da hannu ma'aikatan kamfanin kaya ne, ƙorafin jinkiri bai taɓa ƙarewa ba, har gwamnatin tarayya ta maka Norfolk Southern a kotu a kan haka a 2024.

Mu dawo gida

A Najeriya ba mu saba jin wannan rigima ba, saboda dokar 1955 ta damƙa komai a hannun Hukumar Jiragen Ƙasa. Layi nata, jirage nata, ita ke tsara jadawali, wuƙa da nama duk suna hannunta. Wannan ya fara canzawa. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon yin doka da harkar jirgin ƙasa. A Legas, jan layin da gwamnatin jiha ta buɗe a Fabrairun 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, a kan ƙarfen hukumar na Legas zuwa Ibadan yake gudu, bisa yarjejeniya tsakaninsu. Ga tashoshin kaya na tsandauri a Kaduna, da Dala a Kano, da Funtuwa, dukkansu jirgin kaya suke jira. Ranar da wani babban kamfanin siminti ko taki ya sayi taragunsa, ko gwamnatin Jigawa ta ce tana son jirgin safe da zai kai ma'aikata da ɗalibai daga Kazaure zuwa Kano, tambayar nan za ta iso ƙofar gida. Kuma wanda zai yanke hukunci shi kansa yana da jirgin da yake son ya fara wucewa.

Ta fuskar tarihi kuwa, abin da muke da shi kaɗan ne, kuma a tsaye yake. A Ebute Metta akwai Gidan Jaekel, ginin 1898 da ƙungiyar Legacy ta gyara ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe. A Arewa, inda isowar dogo Kano a 1911 ta haifar da cinikin gyaɗa da dalarta, labarin yana warwatse a tsofaffin tashoshi da taragun da ciyawa ta rufe, masu satar ƙarfe kuma ba sa barci. Saliyo, wadda ta rufe layinta tun shekarun 1970, ta tattara ragowar injunanta ta buɗe gidan tarihi a Firitawun a 2005. Mu da layinmu ke raye ba mu yi na Kano ko Zariya ba.

Wani abin lura: ko da an tayar da tsohon injin kwal a Kano, ba zai taɓa zuwa Kazaure da ƙafarsa ba. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Gidansa layin Nguru ne, ko na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, kuma tunda zirga-zirga ta yi ƙaranci a can, samun lokaci ba zai yi wuya ba. Wahalar ita ce lafiyar ƙarfen da gadoji. Abin da sabon layi zai iya ɗauka shi ne jirgi na musamman, misali na hawan sallah da zai kwaso baƙi daga Kano zuwa Kazaure, Daura da Katsina. Shi ma baƙo ne a jadawali, irin wanda aka fara sharewa a Amurka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu wakiltar yankin Kazaure a majalisa, da masarauta, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, yanzu ne ya kamata su nemi amsa a rubuce. Jirgin fasinja nawa ne zai tsaya a Kazaure kowace rana, ko kuwa wucewa za a riƙa yi ana ɗaga musu hannu? An ware wani kaso na lokaci da mai kaya ba zai iya saye ba? Idan aka ba wani kamfani hayar layin, wa zai sa farashin hawa, kuma ina wanda aka hana zai kai ƙara? Sai tambayar da ta fi shafar aljihun manomi: akwai layin gefe da filin lodi a tashar, inda za a ajiye tarago kwana ɗaya ko biyu a cika shi da riɗi, gero ko dabbobi? Idan babu, jirgin kaya ba zai tsaya a kan babban layi yana jiran 'yan dako ba, kuma ɗan kasuwar Babura ko Gwiwa zai ci gaba da biyan motar da za ta kai masa buhunansa Kano, ya yi lodi a can.