Gubar Dalma a Cikin Ƙurar Zinariya

Jama'a, akwai gubar da ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta. Ɗaya daga cikin irinta ita ce gubar dalma. Bari mu ga yadda masu bincike suka gano ta a ƙasar Zamfara.

A shekarar 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro yakan fara da ciwon ciki da amai. Daga nan sai jijjiga, sai ya suma. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Aka ba su na sanƙarau, shi ma bai yi ba. Yara fiye da 400 suka rasu.

Likitocin ƙungiyar MSF su ne suka fara kai rahoto. Suka ɗebi jinin yara, aka auna. Sai aka tarar da dalma mai yawa ƙwarai a ciki. Masu bincike daga Amurka suka zo, suka bi gida gida suna tambaya. A ƙauyuka biyu sun tarar, cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a shekara guda. Mutane kuma suka gaya musu tun kafin nan agwagi sun yi ta ƙarewa.

To, daga ina dalmar ta fito? Aka auna ƙasar tsakar gida. Ashe dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana haɗe da dalma. Mutane sukan kawo shi cikin gari. A daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Ƙurar sai ta sauka a ƙasa da tabarma da ƙwaryar abinci.

Me ya sa ta fi kama yara? Domin yaro a ƙasa yake rarrafe, hannunsa kuwa kullum yana baki. Jikinsa kuma ya fi na babba shan dalma. Tana ɓata ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsira yakan zama mai wuyar gane karatu, wani ma ya makance. Mace mai ciki tana iya ba ɗan da ke cikinta.

Akwai magani mai fitar da dalma daga jini. Amma in yaro ya koma gidan da ke da ƙura, gubar za ta sake shiga. Saboda haka aka kankare ƙasar sama ta gidaje, aka kai nesa aka binne, aka zuba sabuwa. An yi wa garin Bagega haka a 2013. Duk da wannan, a 2015 irin abin ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Ba mu ce a bar neman abinci ba. Abin da muke cewa shi ne, aikin dutse ya tsaya a bayan gari. Ga abin da za mu kiyaye:

1. Kada mu kawo dutsen zinariya cikin gida.
2. Kada mu daka shi a turmin hatsi.
3. Mu yayyafa ruwa in ana niƙa, don ƙura ta kwanta.
4. Mu yi wanka, mu sake tufafi, kafin mu ɗauki yaro.
5. Mu wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci.
6. In yaro ya fara jijjiga, mu kai shi asibiti, mu faɗi irin aikin da ake yi a gidan.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Yaya aka gane dalma ce ke kashe yaran?
2. Don me aka sake ƙasar gidaje?